Tambaya a kan Bisharar Markus: wa ya rubuta ta, don su wa, kuma me ya sa ta ƙare haka?

Wani ɗan'uwa ne ya turo tambayar, yana cikin masu karatu a cocinsu kuma shi ke riƙe da ajin matasa. Ya ce bana Bisharar Markus ake karanta musu duk Lahadi, amma da Kirsimeti ta zo sai ya ga an koma Luka da Yahaya, da ya duba sai ya tarar Markus ba shi da labarin haihuwar Yesu sam, ga shi kuma Yesu sai ya warkar da mutum ya ce masa kada ka gaya wa kowa, sannan a ƙarshen littafin ya ga an sa ayoyi cikin baka da ɗan rubutu a ƙasa. Yana so ya san wane ne Markus ɗin kuma me littafin ke son faɗa, don matasan sun fara yi masa tambayoyin da ba ya iya amsawa.

Salama ɗan'uwa, Ubangiji ya ƙara maka himma. Tambayoyin nan naka jijiyarsu ɗaya ce. Markus ya yi rubutunsa ne don masu bi da ke cikin tsoro, waɗanda wasunsu ma sun riga sun faɗi, wani ya gudu wani ya yi musun Ubangiji a gaban hukuma, in ka riƙe wannan a ranka sauran abubuwan za su zauna da kansu. Amma bari mu bi a hankali.

Maganar karatun Lahadi tukuna tunda ita ce mai sauƙi. Bayan babban taron Batikan na biyu da aka yi daga 1962 zuwa 1965, ikilisiyar Katolika ta fito da sabon tsarin karatu a 1969 mai zagayen shekara uku, shekarar A Matiyu, B Markus, C Luka, shi kuma Yahaya ana baza shi a lokacin azumi da Ista da wasu ranaku. Daga baya coci-coci da yawa na Anglikan da Lutaran da Metodis a duniya suka ɗauki irin wannan tsarin, musamman wanda aka fitar a 1992. Shekarar Markus ita ce irin su 2021 da 2024 da 2027, kuma tana farawa ne tun Lahadi huɗu kafin Kirsimetin shekarar da ta gabace ta, shi ya sa da an fara ba a jima ba sai a ci karo da bikin haihuwa, dole a ari labarin daga wurin Luka ko Matiyu.

Kafin wannan gyaran kuwa Markus maraya ne a coci. A tsohon littafin Mas na Roma ranaku kaɗan ne ake jin muryarsa a shekara, Matiyu ne ya cika ko'ina, dalili kuwa Agustin, babban malamin nan na arewacin Afirka, ya ɗauka Markus taƙaita Matiyu kawai ya yi, mutane suka bi shi a haka sama da shekara dubu. Sai a ƙarni na 19 malamai a Jamus suka jera Bishara ukun nan gefe da gefe suka ga maganar ba ta tsaya ba. Ayoyin Markus wajen 660 ne, kusan 600 daga ciki za ka same su a Matiyu, sama da rabi kuma a Luka, amma in suna ba da labari ɗaya Markus ne yakan fi tsawo. Labarin mai aljannun nan na ƙasar Garasinawa aya 20 ne a Markus, aya 7 a Matiyu. Wane irin mai taƙaitawa ne zai jefar da wa'azin kan dutse da addu'ar Ubangiji, sannan ya tsaya yana gaya maka aladun wajen 2,000 ne? Shi ya sa yawancin malamai yanzu suka tsaya a kan Markus ne ya fara rubutawa, Matiyu da Luka suka samu nasa a gabansu suka ƙara da abin da suke da shi.

To wane ne shi. Littafin kansa bai faɗi sunan marubucinsa ba, sunan ya zo ne daga shaidar ikilisiya ta farko. Wani bishop mai suna Fafiyas na Hiyarafolis, a ƙasar Turkiyya ta yanzu, wanda ya yi rubutu a farkon ƙarni na 2, ya ce Markus tafintan Bitrus ne, ya rubuta abin da ya tuna daga koyarwar Bitrus daidai amma ba bi da bi ba, don shi Markus ɗin bai bi Ubangiji a zamanin da yake duniya ba. Maganar ta iso mana ne ta hannun Yusibiyos mai tarihin ikilisiya a ƙarni na 4. Ireniyos na Liyon wajen shekara ta 180 ya maimaita irin wannan, kuma a 1 Bitrus 5:13 an kira Markus "ɗana", ana gaisuwa daga Babila, wanda a bakin masu bi na lokacin Roma ake nufi. Ikilisiya ta ɗauke shi shi ne Yahaya Markus na Ayyukan Manzanni, wanda ake taron addu'a a gidan mahaifiyarsa Maryamu a Urushalima, ɗan'uwan Barnaba. Ka lura da tarihinsa fa, shi ne yaron da ya bi Bulus da Barnaba tafiyar bishara ta farko, suna isa Bamfiliya ya juya ya koma gida, har abin ya jawo saɓani mai zafi tsakanin manyan biyu suka rabu a kansa, sai can a 2 Timoti 4:11 ka ji ana cewa a zo da Markus don yana da amfani a hidima. Wato mutumin da ya taɓa gudu ne yake rubuta abin da ya ji daga mutumin da ya taɓa musu sau uku. Masu bi na Masar, Kibɗawa, suna riƙe da cewa shi ya kafa ikilisiyar Iskandariya, har yau daga kansa suke ƙirga shugabanninsu.

Mutanen da ya rubuta wa ba Yahudawan Falasɗinu ba ne, littafin da kansa ya nuna. A sura 7 ya tsaya yana bayyana musu yadda Farisiyawa ke wanke hannu da kwanuka, Bayahude ba ya bukatar wannan bayanin. In Yesu ya yi magana da Aramiyanci, harshen mutanen ƙasarsa, sai ya fassara musu. Kuɗin da gwauruwar nan ta jefa a baitulmali sai da ya auna musu shi da ƙaramin kuɗin Roma don su gane ƙanƙantarsa. A 10:12 ya kawo maganar mace ta saki mijinta, abin da dokar Roma ta yarda da shi. Sannan akwai ɗan abin da nake so ƙwarai a 15:21, da ya ambaci Saminu mutumin Kurane wanda aka tilasta wa ɗaukar gicciye, sai ya ce uban Iskandari da Rufas ne, ba wani ƙarin bayani, alamar masu sauraro sun san yaran nan, wataƙila ma tare ake sujada da su. Kurane kuwa a Libiya ta yanzu take. A Romawa 16:13 Bulus ya gai da wani Rufas a Roma, mai yiwuwa shi ne.

Yanzu ga halin da ake ciki. A watan Yuli na shekara ta 64 gobara ta cinye babban ɓangare na birnin Roma, jita-jita ta bazu cewa sarki Niro ne ya sa a cinna wutar, shi kuma ya nemi wanda zai ɗora wa laifin sai ya ɗora wa Kirista. Tasitus, marubucin tarihin Roma wanda ba ya ƙaunar Kirista ko kaɗan, shi ya ba da labarin, ya ce an lulluɓe wasu da fatun namun daji karnuka suka yayyage su, an gicciye wasu, an cinna wa wasu wuta su zama fitila da dare. Amma abin da ya fi ciwo a maganarsa shi ne yadda aka kama su, an fara kama waɗanda suka amsa cewa su Kirista ne, sannan daga bayanin da aka samu a bakinsu aka kamo taro mai yawa. Ka ga ke nan ɗan'uwa ne ya ba da sunan ɗan'uwa. Al'adar ikilisiya ta ce a wannan zamanin na Niro aka kashe Bitrus da Bulus. Ba a gama da wannan ba a shekara ta 66 Yahudawa suka tayar wa Roma, yaƙi ya ci shekaru, a 70 rundunar Titus ta ƙone Haikalin Urushalima. Yawancin malamai suna sa rubutun Markus tsakanin 65 da 75. Akwai masu ganin a Suriya ko kusa da Galili aka rubuta shi, a bakin wutar wancan yaƙin, ni dai na fi karkata ga Roma saboda shaidar magabata da alamun da na lissafa maka, amma ko ina ne mutanen a cikin wuta suke.

Da wannan a ranka sake karanta sura 13, inda Yesu ya ce za a kai ku gaban majalisa da gwamnoni, ɗan'uwa zai ba da ɗan'uwansa a kashe, uba zai ba da ɗansa. Mai sauraro na farko ba annabcin nesa yake ji ba, yana iya waiwayawa ya ga wanda ake magana a kansa a zaune a ɗakin. Ko misalin mai shuka, irin da ya faɗi a kan dutse, masu karɓar magana da murna amma da tsanani ya taso sai su yi tuntuɓe nan take. Ko 10:30, inda aka yi alkawarin riɓi ɗari na gidaje da 'yan'uwa da gonaki a wannan zamani, Markus kaɗai ne ya ƙara da cewa tare da tsanani. Wannan ayar masu wa'azin arziki suna sonta sosai amma ka saurara da kyau, sau da yawa numfashinsu yakan ƙare daidai kafin a iso wannan gaɓar. Mu a arewa ba sai an yi mana dogon bayani ba, akwai ikilisiyoyin da suka san gudun dare, suka san zama a benci ɗaya da wanda ya tsaya da wanda ya tsere, da wahalar da ke cikin sake kiran juna ɗan'uwa bayan ƙura ta lafa.

Maganar rashin labarin haihuwa ba ta da wuya. Wa'azin manzanni na farko daga baftismar Yahaya yake farawa ya ƙare a tashin Yesu, duba Ayyukan Manzanni 1:22 da wa'azin Bitrus a gidan Karniliyas a sura 10, daidai wannan zanen Markus ya bi. Bulus ma a duk wasiƙunsa bai ba da labarin Baitalami ba, iyakarsa ya ce an haife shi ta wurin mace. Shi bikin Kirsimeti kansa shaidar farko da ake da ita ta yinsa a Roma ranar 25 ga Disamba ta shekara ta 336 ce. Don haka rashinsa a Markus ba musun komai ba ne, mutumin sauri yake, layinsa na farko ya riga ya gaya maka Yesu Almasihu Ɗan Allah ne, kafin ka kai aya 15 an yi baftisma an yi gwaji a jeji an kama Yahaya Mai Baftisma an fara wa'azi a Galili. Helenancinsa ma, wato harshen Girka da ya yi rubutun da shi, na kasuwa ne ba na 'yan boko ba, "sai" da "nan da nan" sun cika shi, amma idonsa na ganin ƙananan abubuwa, matashin da Yesu ya ta da kai da shi a jirgi, ɗanyar ciyawar da aka zaunar da mutum 5,000 a kai. Kuma ba ya gyara wa kowa fuska. Shi ne ya rubuta cewa dangin Yesu sun fito su kama shi don ana cewa ya zautu, shi ne ya ce a Nazarat bai iya yin wata mu'ujiza ba sai 'yan marasa lafiya kaɗan, ya nuna shi yana fushi, yana ajiyar zuciya, yana jin haushin almajirai da suka kori yara. Matiyu da Luka sukan sassauta irin waɗannan wuraren.

Sai babbar tambayarka, kada ka gaya wa kowa. Gaskiya ne abin ya yi yawa, ya hana aljannu magana, ya hana kuturu, ya hana gidan Yayirus bayan ya ta da 'yarsu, ya hana masu kurman nan, har almajirai ya hana su bayan Bitrus ya ce kai ne Almasihu. Wani malamin Jamus, William Wrede, ya rubuta littafi a kan wannan a 1901, tun daga nan ake ta muhawara. Akwai dalili na fili, a ƙasar da ke ƙarƙashin sojan Roma kalmar Almasihu tana nufin sarki mai takobi a kunnen jama'a, kuma an ga yadda su Yahuza Bagalile da Tudas, waɗanda suka ta da tawaye, suka ƙare, Gamaliyal ma ya ambace su a Ayyukan Manzanni 5. Akwai kuma taron jama'a da ke hana shi shiga gari. Amma ni a ganina dalilin Markus ya wuce nan, kuma ya faɗe shi a 9:9, da suna saukowa daga dutse Yesu ya ce kada su faɗi abin da suka gani sai Ɗan Mutum ya tashi daga matattu. Ashe hanin yana da wa'adi. Duk wanda ya yi shelar Yesu bayan ya ga warkarwa kaɗai, rabin magana zai yi, zai tallata mai magani ne. Ka duba wa ya kira shi Ɗan Allah a cikin littafin, murya daga sama a baftisma, aljannu, murya daga gajimare a kan dutse, amma ɗan adam ko ɗaya bai faɗa ba sai a 15:39, kuma wanda ya faɗa ɗin jarumin sojan Roma ne, ba Bayahude ba ba almajiri ba, yana cikin waɗanda suka yi aikin kisan, kuma abin da ya gani shi ne yadda mutumin ya mutu bayan ya yi kukan Allahna don me ka yashe ni. Shi kansa Yesu bai amsa a fili cewa ni ne ba sai a gaban babban firist, lokacin da yake a ɗaure kuma amsar ba abin da za ta jawo masa sai hukuncin kisa. A farkon littafin sama ta tsage, a ƙarshensa labulen Haikali ya tsage daga sama har ƙasa, Markus da gangan ya ɗaure bakin littafin da waɗannan biyun.

In kana so ka ga zuciyar littafin, buɗe daga 8:22 zuwa ƙarshen sura 10, nan ne ya kamata ka fi daɗewa da matasanka. Sashen ya fara da makaho ya ƙare da makaho. Na farkon a Betsaida, shi ne kaɗai wurin da Yesu ya taɓa mutum sau biyu kafin ya warke sarai, da farko ya ce yana ganin mutane kamar itatuwa suna tafiya. Mutane kan rikice a nan, wai ikon ne ya gaza? Karanta abin da ya biyo baya kawai, a Kaisariya Filibi Bitrus ya ce kai ne Almasihu, ya gani ke nan amma dishi-dishi, don da Yesu ya fara maganar shan wuya da kisa sai Bitrus ya ja shi gefe yana tsawata masa, har ya sha kalmar da ba wanda ya sha irinta, koma bayana Shaiɗan. Sau uku Yesu ya faɗi mutuwarsa a wannan hanyar, 8:31 da 9:31 da 10:33, kuma sau ukun almajirai suka yi abin kunya. Na farko Bitrus ke nan. Na biyu suna tafe suna gardamar wane ne babba, da ya tambaye su me kuke muhawara a hanya suka yi tsit. Na uku shi ya fi ban takaici, ya gama lissafa musu tofi da bulala da kisa, Yakubu da Yahaya 'ya'yan Zabadi suka matso suna neman kujerar dama da ta hagu, sauran goman kuma suka ji haushi, ba don abin bai dace ba sai don an riga su. Duk wanda ya taɓa zama a taron zaɓen dattawan ikilisiya ya san wannan sura ba tsohon labari ba ce. A nan ne ya ce Ɗan Mutum bai zo don a yi masa hidima ba sai don ya yi hidima ya ba da ransa fansa saboda mutane da yawa. Kujerun dama da hagun kuwa in ka kai sura 15 za ka ga waɗanda suka samu, 'yan fashi biyu ne. Sai makaho na biyu, Bartimawas a bakin Yariko, Yesu ya yi masa tambaya iri ɗaya sak da wadda ya yi wa 'ya'yan Zabadi, me kake so in yi maka, shi ya ce in gani, ya yar da mayafinsa ya bi shi a hanya, hanyar kuwa Urushalima ta nufa.

Ga matsalar karatun Lahadi a nan, ba laifin kowa ba ne, amma ana ba ka aya goma yau aya takwas mako mai zuwa, kamar wanda ake miƙa wa tsire tsinke ɗaya duk mako, zai ji daɗin nama amma bai taɓa ganin saniyar a tsaye ba. Markus yana da dabarar saka labari a cikin labari don ɗaya ya fassara ɗayan. Yayirus yana gaggawar 'yarsa mai shekara 12, sai mace mai zubar jini shekara 12 ta tsare hanya, babban mutum na majami'a ya tsaya jiran matar da ba ta da suna, Yesu kuma ya kira ta 'yata. Ya la'anci ɓaure, ya shiga Haikali ya kori 'yan canji, aka dawo aka ga ɓauren ya bushe, in ka raba su sai ka ɗauka haushin yunwa ne ya sa ya huce a kan itace, alhali Haikalin ake magana. Yesu yana ciki yana amsa ni ne, Bitrus yana tsakar gida yana rantsuwa bai san shi ba, a lokaci guda.

Almajiran Markus kam ba su da abin yabo. A Getsamani barci, da aka kama shi dukansu suka gudu, har da wani saurayi da aka cafke mayafinsa ya bar shi ya tsere tsirara, wasu na cewa Markus ne ya sa hannu a littafinsa a nan, zato ne mai daɗi amma nassin bai faɗa ba. Waɗanda suka yi daidai kusan duk marasa suna ne, matar Surofinikiya da ta mayar wa Yesu magana a kan ɓarɓashin abinci, gwauruwa mai kuɗi biyu, matar da ta fasa tulun turare, uban yaron da ya ce na ba da gaskiya ka taimaki rashin bangaskiyata. Ka tuna shugabannin da ake faɗin faɗuwarsu haka su ne ginshiƙan ikilisiya, kuma in shaidar Fafiyas daidai ce daga bakin Bitrus labarin ya fito. Ikilisiyar da ke fama da tambayar ko za a sake karɓar wanda ya yi musu a gaban alƙali, an ba ta littafin da babban manzo ya yi musu a gaban baranya.

Yanzu ayoyin cikin baka, 16:9 zuwa 20. Kada gabanka ya faɗi, kuma in abokinka na wani addini ya nuna maka wurin kada ka yi fushi ko ka yi kame-kame, ba asiri ba ne, mu da kanmu muka buga bayanin a ƙasan shafi. Tsofaffin kwafi biyu mafi daraja na Helenanci, Sinaitikus da Batikanus, dukansu na ƙarni na 4, sun tsaya ne a aya 8. Yusibiyos da Jerom sun ce yawancin kwafin Helenanci da suka sani a nan suke tsayawa. Salon rubutun ya canja daga aya 9, har an sake gabatar da Maryamu Magadaliya kamar ba a ambace ta a aya 1 ba, abin da ke ciki kuma ya yi kama da taƙaitawar abin da ke Luka da Yahaya da Ayyukan Manzanni. A ɗaya gefen kuma ayoyin tsofaffi ne ƙwarai, Ireniyos ya kawo aya 19 tun wajen 180 a matsayin maganar Markus, mafi yawan kwafin da suka zo daga baya suna da su, ikilisiya ta karɓe su cikin Littafi Mai Tsarki, a tsarin Katolika ma a shekarar B daga nan ake karatu ranar hawan Yesu sama. Abin da nake koyarwa shi ne a karanta su da girmamawa, a san da wuya su zama daga alƙalamin Markus, kuma kada a gina koyarwa a kansu su kaɗai. A wasu ƙauyukan duwatsun Amurka akwai masu ɗaukar macizai a sujada saboda aya 18, an kuwa rasa rayuka a haka.

To in a aya 8 ya tsaya, yaya ke nan, mata sun fito daga kabari suna rawar jiki ba su gaya wa kowa komai ba don suna tsoro, shi ke nan? Wasu malamai suna ganin ƙarshen takardar ne ya yage ya ɓace tun da wuri, wasu suna ganin da niyya ya tsaya. Ni ina tare da na biyun. Da farko dai tashin yana nan, kabari ba kowa, saurayi mai farar riga ya ce ya tashi ba ya nan, kuma tun a 14:28 Yesu ya ce bayan na tashi zan riga ku zuwa Galili, a littafin nan kuwa duk abin da ya ce zai faru yana faruwa, daga aholakin da aka kwanto har carar zakara. Masu sauraro sun san an gan shi, wasiƙar 1 Korantiyawa da ta lissafa waɗanda suka gan shi ta riga Markus da shekaru. Sannan dubi saƙon da aka ba matan a aya 7, ku gaya wa almajiransa, da Bitrus. Markus kaɗai ne ya ware sunan a nan. Rabonmu da Bitrus tun yana kuka a tsakar gidan babban firist, bai zo gicciye ba bai zo jana'iza ba, amma da sunansa aka aika. Kuma ka ga yadda abin ya juye, duk littafin ana cewa ku yi shiru mutane suna ta shela, yanzu da wa'adin ya cika aka ce ku je ku faɗa sai aka yi shiru. Ga jama'ar da tsoro ya rufe wa baki, wannan ƙarshen tambaya ce aka ajiye musu a cinya. Wasu littattafan karatu a daren Ista a aya 7 suke tsayawa, na gane dalilinsu, dare ne na murna, amma a ajinka ka karanta har 8 ka bar matasan su yi gardama a kai.

Shawarar da zan ba ka ta aiki, ka nemi izinin Fada ko Fastonku ku ware yamma ɗaya ku karanta littafin gaba ɗaya da murya, sura 16 ne kawai, ba zai kai ku awa biyu ba, ku raba surorin tsakanin masu karatu huɗu ko biyar, ba wa'azi ba sharhi, a sha ruwa bayan sura 8 a ci gaba. Da kunne aka fara karɓar littafin nan don yawancin masu bi na farko ba su iya karatu ba, har a 13:14 akwai ɗan gargaɗi ga mai karatu cewa ya fahimta. In da hali ku yi shi kafin Lahadin ganye, don ranar za a karanta sura 14 da 15 a sujada. Kuma kada ka yi mamaki in wajen ƙarshen Yuli zuwa Agusta ka ga an ajiye Markus an shiga Yahaya sura 6 har Lahadi biyar, ba kuskuren mai buga kalanda ba ne, Markus gajere ne, da aka iso wurin ciyar da mutum 5,000 sai aka ari dogon jawabin gurasar rai daga Yahaya, bayan nan za ku dawo Markus a sura 7.